Waken Soya: Wane Iri, Wace Tazara?

In kun bi hanyar da ta tashi daga Katabu ta nufi Jaji cikin watan Agusta, ku duba gonakin waken soya da ke gefen hanya. Za ku ga iri biyu. A wata gona ganye ya haɗe, ya rufe ƙasa ruf, ko kaza ta shiga ba za ku gan ta ba. A wata kuwa ga waken nan tsaye ɗaiɗai, tsakaninsu jar ƙasa a fili, harkiya ta cika kwarin kunya. Ruwa ɗaya ya sauka a gonakin nan biyu. Watakila ma rana ɗaya aka shuka su. Amma da kaka mai gona ta fari zai ɗinke buhuna, mai ta biyu kuwa zai ce waken soya ba shi da riba.

Abu biyu ne su kan raba su. Na ɗaya, irin da aka shuka. Na biyu, tazarar da aka bari tsakanin layi da layi. Abin da mu ke so ku riƙe a darasin nan shi ne, abubuwan nan biyu tare su ke tafiya. Ba a zaɓen tazara sai an san iri.

Inda waken ya fito

Waken soya baƙo ne a ƙasarmu. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, inda aka daɗe ƙwarai ana noma shi. Cikin 1908 Turawa suka gwada shi a Ibadan, bai yi ba. Cikin 1928 aka gwada shi a Samaru ta Zariya, ya yi. Cikin 1937 aka kawo wani iri da a ke kira Malayan. Tibabe na ƙasar Binuwai suka karɓe shi, kuma cikin 1947 aka fara fitar da waken soya daga Nijeriya zuwa ƙasashen waje.

Yau ba sai an kai shi waje ba. Mata suna yin awara da madara da daddawa da shi. Masu matse mai suna nemansa, masu haɗa abincin kaji ma haka. Cikin 2017 kamfanin Olam ya buɗe babbar masana'antar abincin kaji a ƙaramar hukumar Chikun, kudu da Kaduna. Dalilin wannan nema shi ne, in aka kasa ƙwayar waken kashi 100, wajen kashi 40 abincin gina jiki ne, wajen kashi 20 kuma mai ne. Mai saye yana nan. Abin da ya rage shi ne yawan abin da gona za ta bayar. A Nijeriya yawanci ba a wuce buhu 10 mai kilo 100 a hekta ɗaya, watau eka biyu da rabi. A gonar da aka gyara da iri mai kyau a kan sami ninkin haka.

Iri ba ɗaya ba ne

A kasuwa duk waken soya kama ɗaya gare shi, sai dai wani ya ɗan fi wani girman ƙwaya. A gona ne halin kowane ya ke fitowa. Malayan na dā dogo ne, mai daɗewa a gona, kuma in ya bushe kwansonsa ya kan fashe, ƙwaya ta watse a ƙasa. Daga baya cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar da Samsoy 1 da Samsoy 2. Sun fi Malayan bayarwa, amma Samsoy 2 ma ba ya jiran mai gona in ya bushe. Dattawan ajinmu sun san wannan. Rana ta take, mutum yana tsaye a bakin gonarsa yana jin ƙas, ƙas, dukiyarsa tana zuba.

Cikin 1967 aka kafa cibiyar IITA a Ibadan, mai binciken noman ƙasashe masu zafi. Ita da cibiyar binciken hatsi ta Badeggi kusa da Bida suka fitar da irin da sunayensu ke farawa da TGx. Sunayen nan lambobi ne, suna da wuyar faɗi, amma ku koyi karanta su, gama su ne a ke rubutawa a jikin buhun iri. Uku sun ishe mu a nan.

TGx 1448-2E ya fito cikin 1992. Ya kan yi kwana 115 zuwa 120 a gona. Yana da rassa da ganye da yawa, kuma kwansonsa ba ya saurin fashewa. Aibinsa ɗaya, ciwon tsatsa yana kama shi. Tsatsa ciwo ne da ke fesowa a bayan ganye, ɗigo-ɗigo kamar tsatsar kwano, ganye ya yi rawaya ya kaɗe tun ƙwaya ba ta cika ba. An fara ganinsa a Nijeriya wajen 1999.

TGx 1835-10E ya fito cikin 2008. Ɗan wuri ne, kwana 90 ko sama kaɗan ya nuna. Tsatsa ba ta cin sa sosai. Amma da ya ke ba ya daɗewa, jikinsa bai kai na 1448 ba, rassansa ma ba su kai ba.

TGx 1904-6F ya fito cikin 2009. Shi matsakaici ne, kwana 105 zuwa 115.

Ku lura da wannan: irin da ya daɗe a gona ya fi samun lokacin yin jiki kafin ya yi fure. Ɗan wuri kuwa tun yana ƙarami ya ke fure, in kuma ya shiga ɗaura kwanso ba ya ƙara girman kirki. To, babban mutum da yaro ba su cika tabarma daidai.

Aikin ganye

Me ya sa mu ke damuwa da ganye ya rufe ƙasa? Ganye shi ne madafar shuka. Da hasken rana da iska da ruwa ya ke haɗa abincin da zai cika ƙwaya. Duk hasken da ya faɗi a kan ƙasa tsirara, bai faɗi a kan ganyen wake ba, ya tafi a banza. Ba a banza kaɗai ba ma, gama shi ne ciyawa ke samu ta tashi. In ganye ya haɗe, ƙarƙashinsa ya yi duhu, ciyawar da ta tsiro daga baya ba ta da ƙarfi. Inuwar nan kuma tana hana ƙasa saurin bushewa in ruwa ya ɗauke kwana goma, tana kuma tare dukan ruwan marka kada ya wanke kunya.

Saboda haka ga ma'aunin da za ku riƙa aunawa da shi. Waken soya ya kan fara fure mako shida zuwa bakwai bayan shuka. A wajen lokacin nan, ko jim kaɗan bayansa, ya kamata ganyen wannan layi ya taɓa ganyen wancan. In fure ya ƙare, kwanso ya fito, har yanzu kuna ganin ƙasa tsakanin layuka, to tazararku ta yi wa irin nan yawa.

Kuskuren da muka fi gani shi ne, mutane suna shuka waken soya kamar masara ko farin wake. A yi sara, a jefa ƙwaya uku, a yi taku ɗaya, a sāke sara. Farin wake yana yaɗo, zai bi ƙasa ya cike wurin. Waken soya ba ya yaɗo. Inda aka sa shi nan zai tsaya. In an ba shi fili zai ƙara rassa, gaskiya ne, har mai gona ya tuge guda ya nuna wa mutane yawan kwansonsa. Amma ba a sayar da gindi ɗaya. Abin da gona duka ta bayar shi a ke aunawa. Gindi 10 masu kwanso 40 sun fi gindi 3 masu kwanso 100. Ku lissafa ku gani: 400 da 300.

Awo

Malaman gona suna ba da awo biyu. Ga iri mai daɗewa, santimita 75 tsakanin layi da layi. Ga ɗan wuri, santimita 50. A cikin layi kuwa, santimita 5 tsakanin ƙwaya da ƙwaya. Zurfin shuka kada ya wuce santimita 5, gama waken soya da kansa ya ke ɗago ƙwayarsa sama in zai tsiro. In an binne shi da zurfi, ko ƙasa ta daskare a kansa, sai wuyansa ya karye a ciki.

Ba kowa ke da abin awo ba. Ku ari tef wurin tela. A wancan gefen tef ɗin akwai inci: santimita 75 wajen inci 30 ke nan, santimita 50 wajen inci 20, santimita 5 kuwa inci 2. Ku yanke kara biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere, ku ajiye. Kada ku dogara da kamu, don hannun wani ya fi na wani tsawo. Santimita 5 kuwa kusan tsawon kwalin ashana ne, ko faɗin yatsu uku.

Yanzu mu yi lissafi. A ce faɗin gonarka mita 30 ne. In ka bar mita ɗaya tsakanin layuka, layi 30 za ka samu. In ka bar santimita 75, layi 40. In ka bar santimita 50, layi 60. Gona ba ta ƙaru ba, amma layuka sun ninka. A hekta ɗaya, awon 75 da 5 yana ba da gindi wajen 266,000. Awon 50 da 5 yana ba da gindi 400,000. Don haka iri ma zai ƙaru. Hekta ta kan ci kilo 50 zuwa 70 na iri, kuma mai matse layi shi ne zai kai kilo 70. Wannan kuɗi ne, kada a ɓoye muku. Amma ku sa kuɗin kilo 20 na iri a gefe ɗaya, ku sa kuɗin 'yan ƙwadago na maimai a ɗaya gefen, sa'an nan ku yanke shawara.

Manyan masu noman waken nan na duniya ma haka su ke yi. Ƙasar Barazil ce ta fi kowa noma shi yanzu, kuma da yawan gonakinta a daji ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, mai damina da rani kamar namu. Can yawanci santimita 45 zuwa 50 su ke bari. A Amurka wasu suna barin inci 30, wasu inci 15, kuma an ga matsattsen layi ya fi amfani musamman in an makara da shuka.

Maganar kunya

A nan ne wani ɗan ajinmu ya tsayar da mu. Ya ce, "Malam, ai garmar shanu ba ta san santimita 50 ba. Yadda ta saba haka za ta ja." Gaskiyarsa. Garmar shanu ta kan ta da kunya mai tazarar santimita 75, wani lokaci har fiye. Kuma a ƙasarmu ba a raina kunya, don ruwan Agusta yana da yawa, waken soya kuwa ba ya son ruwa ya kwanta a gindinsa.

Akwai hanya biyu. In gonarka tudu ce, ruwa ba ya kwanciya, kana iya baje ƙasa ba kunya, ka ja igiya, ka tsaga layi da bakin fartanya, ka zuba iri, ka rufe. Nan kai ke da ikon tazara. In kuwa gonarka tana riƙe ruwa, ka bar kunyarka yadda ta ke, amma ka yi layi biyu a kan kowace kunya, ɗaya a wannan kafaɗa, ɗaya a waccan. In ka yi haka, sai ka buɗa cikin layi zuwa santimita 10, watau kwalin ashana biyu. Irin da za ka zuba daidai ya ke da na layi ɗaya mai santimita 5, ba ƙari, amma kowane gindi ya fi samun sarari, ganye kuma ya fi saurin haɗewa. Mu dai wannan hanya muka fi so ga mai ɗan wuri a nan Katabu. Sai dai ka gyara kunyarka sosai tun farko, gama in waken ya tashi a kafaɗa, ba dama ka sāke shigar da shanu su yi huɗa ba tare da sun yi ɓarna ba.

Kada kuma a ce tun da matsi yana da amfani, a matse kowane iri. In aka cusa iri mai daɗewa irin 1448 a ƙasa mai ƙarfi, kowane gindi zai miƙe yana neman rana. Kara ya yi tsawo, ya yi siriri, iskar ƙarshen damina ta kwantar da shi. Kwanson da ya kwanta a laima ruɓewa ya ke yi. Har wa yau, inda ganye ya cushe iska ba ta ratsawa, raɓa ta kan daɗe ba ta bushe ba, tsatsa kuwa abin da ta ke so ke nan. Shi 1448 a bar shi a santimita 75, zai cika wurinsa. Amma in ƙasar ta gaji, ko an makara da shuka, ko shi ba zai yi jiki ba, sai a matso da shi.

Ranar shuka

Iri yana da ranarsa. A wajenmu lokacin shuka waken soya daga tsakiyar Yuni ne zuwa farkon Yuli, ruwa kuma ya kan ɗauke cikin Oktoba. Abin da a ke so shi ne ƙwaya ta cika da ruwa, ta bushe da rana.

Ku ɗauko kalanda. In aka shuka 1448 ran 15 ga Yuni, kwana 117 zai kai mu 10 ga Oktoba. Daidai ke nan. In aka shuka ɗan wuri a ranar nan, kwana 90 zai cika ran 13 ga Satumba, ana tsakiyar ruwa. Ina za a shanya? Ƙwaya za ta yi baƙi, ta yi fumfuna, mai saye ya karya farashi. Amma in aka shuka ɗan wuri ran 10 ga Yuli, zai nuna wajen 8 ga Oktoba. Shi kuwa 1448 in an kai shi 10 ga Yuli, lissafinsa sai ya tsallaka ƙarshen Oktoba, ruwa ya yanke masa yana cikin cika ƙwaya. Watau wanda ya gama da masara da wuri ya samu sarari cikin Yuni, ya nemi mai daɗewa. Wanda aiki ya sha kansa har Yuli ya kama, ya nemi ɗan wuri, ya matse layi.

Irin da bai tsiro ba

Duk lissafin nan a kan ƙwayar da ta tsiro ne. Waken soya ba kamar dawa ba ne. Saboda man da ke cikinsa, ransa ba ya daɗewa a wuri mai zafi da laima. Irin da ya shekara ya wuce, da wuya ya tsiro da kyau. Wanda aka buga da sanda da ƙarfi wajen sussuka ma haka, ko da ba a ga tsaga a jikinsa ba.

Mu kanmu mun sha wannan. Wata shekara muka sayi wake a kasuwa don 'yar gonar aji. Fari tas, ba ƙwari. Muka auna layi da kara, muka jera ƙwaya da kwalin ashana, kowa yana yabon aikin. Bayan mako guda abin da ya fito bai kai rabi ba. Tazarar santimita 5 ta koma ta taƙi guda, wani wuri ma kamu. Ga shi ba mu san sunan irin ba, balle mu san ko ɗan wuri ne. Da kaka wani gindi ya bushe yana fashewa, na kusa da shi ɗanye shar, ashe gauraye ne.

Tun daga ran nan ba mu shuka sai mun gwada. Ga yadda a ke yi. Kwana 10 kafin shuka, ku ɗebi ƙwaya 100 daga buhu, kada ku zaɓa. Ku shuka su a tsohon kwano mai huji da yashi a ciki, ku riƙa yayyafa ruwa. Bayan mako guda ku ƙirga. In 85 ko fiye sun tsiro, irin yana da kyau. In sun kasa haka, ku ƙara yawan abin da za ku zuba. In ba su kai 60 ba, a ba mata su yi awara, ku nemi wani. Ku saya wurin kamfanin iri ko ta hannun malamin gona, a buhu mai takarda, ku karanta suna da shekara.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

In gindi ya yi yawa, baki ya yi yawa, sai a ba su abinci. Amma waken soya ba ya bukatar yuriya kamar masara. In ya yi fure ku tono gindi ɗaya a hankali, za ku ga 'yan ƙuraje a saiwarsa kamar na gyaɗa. Ku fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana aiki. Wasu ƙananan halittu ne a ciki da ido ba ya gani, suna jawo wa waken irin abincin da ke cikin yuriya daga iska. An zaɓi irin TGx ne musamman don su kan yi ƙurajen nan da halittun da ke cikin ƙasarmu tun asali. Abin da ƙasar nan ta rasa shi ne abincin da ke cikin takin supa. A kan sa buhu 4 na supa a hekta, da buhu 2 na kamfa don tashin farko, a gauraya da ƙasa kafin shuka, kada taki ya taɓa ƙwaya.

Noman firi kuwa ba makawa, komi matsin layi. A yi shi mako biyu bayan shuka. Ganye ba ya kashe ciyawar da ta riga shi tashi. Maimai ne matsin layi ke sauƙaƙawa. In kwanso ya yi ruwan ƙasa, wajen 85 cikin 100, ku yanke da lauje daga gindi da safe, kada ku tuge, don saiwa ta zauna a gona. Baɗi ku sa masara ko dawa a wurin. Waken soya yana kuma rage wuta-wuta, gama saiwarsa tana sa 'ya'yanta su tsiro, su rasa abin kamawa, su mutu.

Aikin mako mai zuwa

Kowa ya zo da karansa biyu, na 75 da na 50. Kowa ya auna faɗin gonarsa, ya rubuta a littafinsa layi nawa za ta ci da dogon kara, nawa kuma da gajere. Wanda ke da ragowar iri a gida ya kawo ƙwaya 100 da tsohon kwano, yashi yana nan bayan aji.

A 'yar gonar aji za mu ja layi 12 masu tsawo ɗaya, duka ɗan wuri. Shida da dogon kara, shida da gajere. Za mu rubuta ranar shuka, da ranar fure, da ranar da ganye ya haɗe a kowane gefe. Da kaka za mu sussuke kowane gefe dabam, mu auna da mudu ɗaya. Amma ku tuna, layi shida na gajeren kara faɗin mita 3 suka ci, na dogon kara kuwa mita huɗu da rabi. To, wa zai gaya mana yadda za a yi lissafin don kada a zalunci gefe ɗaya? Ku zo da amsa a rubuce.